Tarihin Ang Lee, kashi na 4: Shekara shida a bakin murhu

A makon jiya mun tsaya ne a inda Ang Lee, daraktan fim ɗan asalin Taiwan, ya gama karatun fim a Jami'ar New York. Fim ɗin da ya yi na kammala karatu ya ciyo kyauta, har wani babban kamfanin dillalan 'yan fim ya ɗauke shi. Duk wanda ya gan shi a lokacin zai ce kakarsa ta yanke saƙa.

Ina! Shiru kake ji. Ya rubuta labari ya kai, a ce ya je ya gyara. Ya gyara ya mayar, a ce za a neme shi. Haka shekara ta riƙa bin shekara har aka ƙirga shida.

To wa ke riƙe da gidan? Matarsa ce, Jane Lin, wadda ya aura a 1983, masaniyar kimiyyar ƙwayoyin halitta. Da safe ta fice ɗakin bincike, shi kuwa ya zauna da ɗansu Haan, ya yi cefane, ya share gida, ya ɗora tukunya. Da a unguwarmu ne, da tuni an laƙaba masa mijin Hajiya. Ku tuna kuma ɗan wane ne: mahaifinsa shugaban babbar makarantar sakandare ne a birnin Tainan na Taiwan, wanda dama bai gama huce takaicin faɗuwar ɗan nasa jarrabawar shiga jami'a har sau biyu ba.

Shi da kansa ya ba da labarin cewa surukansa sun taɓa miƙo kuɗi domin ya buɗe gidan abinci, Jane ta ƙi karɓa. Da ya ji, kunya ta ishe shi, sai ya lallaɓa ya yi rajistar koyon kwamfuta. Ranar da ta ga takardar ba ta ce masa uffan ba. Sai da gari ya waye za ta fita aiki ta juyo ta tuna masa abin da ya sa a gaba tun farko. Ya yayyaga takardar. Ni dai a ganina, da wannan baiwar Allah ta yi shiru a safiyar nan, da yau ba mu san sunansa ba.

A 1990, shekarar da aka haifi ɗansu na biyu Mason, ya aika labarai biyu gasar rubutun fim ta gwamnatin Taiwan. Ɗaya ya zo na ɗaya, ɗayan ya zo na biyu. Nan take furodusa Hsu Li-kong ya neme shi.

Fim ɗinsa na farko, Pushing Hands, ya fito a 1991, yana ɗan shekara 37. Labarin wani dattijo ne malamin taici (wani salon motsa jiki da kare kai na Sinawa) daga Beijing da ya tare a gidan ɗansa a Amurka, suna wuni da surukarsa Baturiya ba mai jin yaren wani, har ya yi zuciya ya tafi wanke-wanke a gidan abinci.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu bi shi birnin Berlin a 1993.