Na je Kano neman kan sarki, na samu Nok a gwangwanin alawa

Ɗaurin auren ɗan yayana ne ya kai ni Kano, amma da yake ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Jos, na tafi da wata buƙata ta daban. Ɗalibaina sun gaji da jin Nok da Ife da Igbo-Ukwu a baki, hotunan da ke littafinmu kuma duk sun dushe. Wani abokin aikina ya ba ni shawara in nemi tsofaffin kan sarki, domin gwamnati ta sha buga hoton waɗannan kayan tarihi a jikinsu. Ya ce in dai tsohon abu ne, ba a rasa shi a Kano.

Hanya dai lafiya lau, in ban da zafi da ya tare mu tun daga Tudun Wada, har na cire rigar sanyin da na fito da ita daga gida ina jin kunya.

Bayan an watse daga biki na hau Adaidaita Sahu zuwa wani gidan waya, ba sai na faɗi wanne ba. Ma'aikacin da na tarar yana latsa wayarsa, na yi sallama har na maimaita kafin ya ɗago. Na ce tsofaffin kan sarki nake nema, masu hoton kayan tarihi. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, nan ba gidan tarihi ba ne. In na manna wa takardar yarjejeniya kake so ga shi, in ba haka ba ka ba mutane wuri." Na waiwaya, babu kowa a bayana. A Jos ma muna da irinsu, sai dai namu sukan amsa sallama tukuna. Maigadin wurin ne ya biyo ni bakin ƙofa, ya ce akwai wani dattijo a cikin gari da ya yi aikin gidan waya tun zamanin sule da kwabo, kuma bai taɓa yar da ambulan ba. Ya kwatanta wa mai Adaidaita lungun dalla-dalla, ya kuma ƙi karɓar ko sisi.

A zaure na same shi kan buzu, da rediyo a gefe. Bai tambaye ni daga ina ba sai da aka kawo ruwan randa da gurasa mai ƙuli da albasa, ya tsare ni sai na ci. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, jikokina ma ba su taɓa tambayata ba." Ya aika yaro cikin gida, aka fito da wani tsohon gwangwanin alawa da kundi guda mai bangon fata.

Ba ya taɓa su da hannu. Da ɗan hantsaki yake ɗaukowa, ya ɗora kan farar takarda, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Ya ce in ana so a raba kan sarki da ambulan, a ruwa mai ɗumi ake jiƙa shi har ya saki da kansa, sannan a shanya a kife a kan jarida. Wanda ya yi gaggawa ya ɓanɓare, ya yage haƙoran gefen, shi ke nan ya kashe darajarsa. Maƙiyansa biyu ne, laimar damina da kyankyaso mai son danƙon bayan.

Na farko da ya nuna mini na sisi ne daga jerin 1953, lokacin Turawa ba su tafi ba, da hoton kan tagulla na Ife. Hatimin gidan waya ya faɗa daidai goshinsa, ana iya karanta KANO a jiki. A jerin nan dai akwai na ahu mai hoton gyaɗar Kano, da na kwabo biyu mai aikin kuza, wanda na ce masa wannan namu ne na Filato. Sai na sisi na 1961 mai fuskar Benin, sannan na sule goma mai filin jirgin saman Kano, wanda ya ce albashinsa na wancan lokaci bai kai ya yi wasa da irinsa ba.

Amma waɗanda suka tsayar da ni guda uku ne na 1972, shekara guda kafin naira ta shigo. Na kwabo huɗu yana ɗauke da kan mutum na gasasshen yumɓu irin na Nok da aka samo a Katsina Ala ta jihar Binuwai. Da gilashin nan na ga idanun da nake ta zana wa yara a allo, masu kusurwa uku, da huda a tsakiya. Na ba Baba labarin yadda aka fara cin karo da irin waɗannan a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, da kuma kan da aka samu a yankin Jama'a wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa don korar tsuntsaye, kafin ya kai ga hannun Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, a wajajen 1943. Fagg ɗin ne ya ga kamanninsu ɗaya, shi ne kuma ya buɗe gidan tarihin Jos a 1952. Binciken da masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka fara a 2005 ya mayar da farkon mutanen Nok har wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma an tono wuraren narka tama irin nasu a Taruga. Baba ya girgiza kai ya ce shi ya buga wa wannan kai hatimi ya fi a ƙirga, bai san ya yi gadin doya ba.

Na sule da taro tukunyar tagulla ce ta Igbo-Ukwu, wadda aka yi wa ado kamar an ɗaure ta da igiya, alhali igiyar ma tagulla ce. Da kakin zuma ake fara siffanta abin, a lulluɓe da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya zube, sannan a ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Aikin ƙarni na 9 ne. Wani mutum mai haƙa rijiyar tara ruwa a gidansa ya fara cin karo da kayan, masanin kayan tarihi Thurstan Shaw kuma ya yi haƙan bincike a 1959 zuwa 1960. Na ukun, na sule da nai, shi ne ya fi ba ni mamaki: mashin kamun kifi na ƙashi daga Daima a Borno, tudun da masanin kayan tarihi Graham Connah ya haƙa a tsakiyar shekarun 1960. Ba kyau gare shi ba, ba sarki ba ne, ƙashi ne kawai mai ƙayoyi a gefe. Duk wanda ya zaɓe shi ya hau kan sarki ya san abin da yake yi, domin kakanninmu ba duka ne ke zaune a fada ba, mafi yawansu abinci suke nema.

Wani maƙwabci da ya shigo gaisuwa ya leƙa ya ce, "Alhaji, har yanzu kana nan da gumakan nan naka?" Baba bai ɗago ba ya ce, "Wanda ya bauta musu ya mutu tuntuni, ni takarda nake ajiya." Aka yi dariya, maƙwabcin ya zauna, ƙarshe ma shi ya fi kowa daɗewa da gilashin a ido.

Kundin fatan kuwa na ƙasashen waje ne, waɗanda ya tara daga wasiƙun alhazai da ɗalibai da 'yan kasuwa. Akwai na Faransa na 1968 mai dabbobin kogon Lasko, da na Aljeriya mai zanen duwatsun Tasili, da na Tanzaniya na 1965 mai ƙoƙon kan da Mary Leakey ta tono a Olduvai a 1959. Har da namu na 1964 mai hoton Fir'auna Ramsis na biyu, wanda aka buga lokacin da UNESCO ke neman taimako don ceto gine-ginen Nubiya daga ruwan madatsar Aswan. Na ce to, mun buga Fir'aunan Masar, ina kwalekwalen Dufuna da wani makiyayi ya tono a Yobe a 1987 yana haƙa rijiya, mai shekara wajen 8,000, wanda ya girmi duk wani jirgin ruwa da aka sani a Afirka? Ina zanen shanu na duwatsun Birnin Kudu? Ya ce a gwangwaninsa dai babu su. Ya ƙara da cewa, "Kai da ka zo Kano, ka hau Dala kuwa?"

Na nemi ya sayar mini da na 1972 ɗin, ya ce ba na sayarwa ba ne. Sai ya laluba ya fito da waɗanda yake da biyunsu, Nok da Ife da mashin Daima, ya nannaɗe a takarda ya ce in kai wa yara. Na ciro kuɗi, ya ɓata rai, dole na mayar. Goro kawai ya yarda na aiko masa.

Dala na hau da la'asar, ina haki. Daga sama ana ganin Gwauron Dutse da rufin gidaje iya ganinka. A nan aka samu shaidar narka tama tun wajen ƙarni na 7, wato tun kafin zuwan Bagauda a 999, amma yaran da suka raka ni Barbushe da Tsumburbura kawai suka sani, su ma a gutsure. Ledoji sun yi yawa a gindin dutsen. Mu da muke da duwatsu har sun yi mana yawa a Jos, da muna da mai tarihin wannan, da mun cika duniya da baki.

A Kurmi wani ɗan koli ya jawo ni ciki ya buɗe tsumma, wai kan Nok ne na asali, naira dubu tamanin. Na shinshina, ƙamshin hayaƙi bai ma bar shi ba. Na ce in na asali ne ai doka ta hana cinikinsa, ni da kai duk sai mu kwana a hannu. Nan take ya ce, "Yallaɓai, na ado ne, kawo dubu biyar." A dubu uku muka rabu, kuma aikin ya yi kyau, zai yi amfani a aji. Mutanen Kano in sun ga ka gane, ba sa jin haushi, sai ma su ba ka kujera. Takalmin fata ya fi na Jos araha nesa ba kusa ba, amma dankalin Turawa da na gani a bakin hanya, kuɗin da suka faɗa ya isa in yi musu Allah ya isa.

Gidan Makama na shiga a gurguje, na ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da kayan yaƙi, ginin kansa na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne. Marinar Ƙofar Mata daga cikin mota na hango ta.

Da dawowa muka biyo ta Wudil. A Birnin Kudu na roƙi direba ya tsaya ko na rabin sa'a ne in ga zanen duwatsun, ya ce shi fasinja ya ɗauko ba 'yan yawon buɗe ido ba, sauran fasinjoji kuma suka goya masa baya. Sai a Ningi ya tsaya, muka yi salla muka ci tsire.