Tarihin Rayuwata, Kashi na Tara: Awon Gashi a Yamai

Gwaggo ce ta ce, "Ke kam, gashi ne fa kawai, ɗankwali zai rufe." Allah ya ji ƙanta, amma matar da ta yi shekaru tana zama gabana a Tawa ina yi mata shuku ban taɓa karɓar ko dalarta ba, bai kamata wannan magana ta fito daga bakinta ba.

A Yamai aka fara sa mini shimiyo, wato maganin ciwon daji, jan ruwan nan da suke kira doxorubicin, haɗe da cyclophosphamide. Ma'aikaciyar jinyar ta gaya mini tun farko cewa cikin mako 2 zuwa 3 gashin zai soma zuba, domin maganin yana bin duk ƙwayar jiki mai saurin hayayyafa, saiwar gashi kuwa tana cikinsu. Duk zuwa sai ta ce, "Hajiya, a buɗe mini kan," ta duba tsakiya da ƙeya, sannan ta rubuta lamba. Ma'auninta mataki biyu ne: 1 idan abin da ya zube bai kai rabi ba, 2 idan ya kai kashi 50 cikin 100. Daga baya ɗiyata ta ce akwai wani ma'auni, na Dean, daga 0 zuwa 4, wanda yake rabawa kwata-kwata, kuma da a ce da shi aka yi mini da na fi yarda.

Ranar da aka rubuta mini 1, ni makitsiya na riga na san inda aka kwana, domin tsagar ta yi faɗi, gashin goshi ya daina kamuwa a yatsa, matashina kuma kullum sai an kakkaɓe. Kan mutum yana ɗauke da gashi wajen 100,000, saboda haka mai kallo daga nesa ba ya ganewa sai abin ya yi nisa, kuma daga nesa Gwaggo take kallo. Har gira ta tafi, ita kuwa ɗankwali ba ya rufe ta.

Watanni kaɗan bayan gama magani sabon gashi ya tsiro, mai laushi kamar na jinjiri. Gwaggo ta shafa ta ce, "Ba na gaya miki ba?" Da Sallah ta aiko a kira ni kitso, na aika mata yarinyar da nake koya wa. Maganar shanun da Alhaji ya sayar don kuɗin mota sai mako mai zuwa.