Daren da na daina katse wa Baba magana

Duk sa'ad da Baba ya ce "in na mutu", sai mu tare shi da "Haba Baba, Allah ya ja kwana, sai ka aurar da jikokinka." A zatonmu ƙarfafa masa zuciya muke yi. Shekararsa 83, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi, ni nake kwana a ɗakinsa. Wani dare na juya shi na gyara masa matashi, sai ya riƙe ni da hannunsa mai lafiya ya ce, "Ɗana, kowa addu'ar tsawon rai yake yi mini, amma ba wanda ya tsaya ya ji abin da ke cina." Na zauna a bakin gado na yi shiru.

Ashe ba mutuwar ce ke hana shi barci ba. Akwai kuɗin turmin atamfa biyu da wani abokin cinikinsa a Kantin Kwari ya biyo shi tun ina yaro, mutumin ya rasu ba a biya ba. Baba ya san ran mumini a rataye yake da bashinsa. Mako uku na yi ina cigiya kafin na samu 'ya'yan mutumin. Da na kawo masa labarin sun karɓa sun yafe jinkirin, ya yi kuka, ranar ya yi barci har asuba.

Sai batun salla. Wata da watanni yana zaton sallarsa ba ta karɓuwa, tunda a kwance yake kuma alwala ta gagara, kunya ta hana shi tambaya. Limamin unguwarmu ya karanta masa hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi salla a tsaye, in ba ka iya ba a zaune, in ba ka iya ba a kan haƙarƙarinka. Muka ajiye masa dutsen taimama kusa da matashi. Azumi kuwa muka ciyar da miskini ɗaya a madadin kowace rana. Wasiyya ma an rubuta a gaban shaidu biyu, ba ta wuce sulusin dukiyarsa ba.

Kuskuren da har yanzu yake yi mini ciwo shi ne wa'azin azabar kabari da na riƙa kunna masa a waya, ina ganin tunatarwa ce. Jikinsa ya dinga rawa. Liman ya ja ni gefe ya ce wanda ya kusa tafiya fata yake buƙata fiye da tsoro, domin kwana uku kafin wafatinsa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni kada kowa ya mutu sai yana kyautata wa Allah zato. Daga nan na koma karanta masa aya ta 53 a Suratuz Zumar, wadda ta hana yanke ƙauna daga rahamar Allah, ina tuna masa marayun da ya riƙe a gidan nan.

Ranar Alhamis da numfashinsa ya sauya, ban matsa masa da "faɗi, faɗi" ba, don Liman ya riga ya gargaɗe ni. Na sa bakina kusa da kunnensa ina maimaita La ilaha illallah a hankali. Leɓɓansa suka motsa sau ɗaya, yatsansa manuniya ya ɗaga daga kan bargo. Na kira Inna ta shigo.