Yadda na mayar da faifan bikin Yaya cikin salular Inna

Ƙurar garin Tawa ba ta barin komai, har faifan DVD na bikin yayata da ke ajiye cikin akwati ya fara karcewa. A cikinsa ne kaɗai muke da hoton mahaifinmu yana motsi yana magana. Wata rana Inna ta ce mini, "Kai da ka san kwamfuta, sa mini shi a salula in riƙa ganin Malam."

Na yi gaggawa. Faifan ya kusa cika giga 4.7 ɗinsa, ni kuma na matse shi ya koma mega 300 don ya shiga katin salula. Da Inna ta kunna, aikin babbar rigar Baba ya narke, fuskarsa ta koma 'yan murabba'ai kamar an jera bulo. Ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙo mini salular ta ce, "Ba haka idonsa yake ba." Ban yi barci da daɗi ba a daren.

Washegari na fara kwafe jakar VIDEO_TS, inda bidiyon faifan yake, dukanta na ajiye, sannan na buɗe HandBrake, manhaja ce ta kyauta ta matse bidiyo. DVD da tsohon tsarin MPEG-2 yake aiki, mai cin wuri, shi ya sa H.264, tsarin da ya zo bayansa, ke iya riƙe hoto iri ɗaya a wuri kaɗan. Kuskurena shi ne na ƙayyade wa fayil girma tun farko. A wannan karon inganci na zaɓa, na sa lambar RF, wato ma'aunin inganci, a kan 20. Lambar na raguwa, hoto na ƙara kyau, fayil na ƙara nauyi. Faɗin hoton kuwa na bar shi yadda yake, 720 da 576.

Abin da ya fi ba ni wahala wurin rawa ne. Duk sa'ad da mata suka ɗaga hannu, sai layuka su fito gefen mayafi kamar haƙoran mataji, domin kyamarar ta ɗauki kowane hoto rabi-rabi ne don tsohuwar tele. Da na kunna Decomb, zaɓin HandBrake mai share irin layukan nan, suka ɓace. Tun daga nan ba na sakin aikin awa biyu sai na gwada minti biyu na wurin da aka ɗauka da dare, inda duhu da motsi suka haɗu, don a can hoto ke fara lalacewa. Tsarin H.265, wanda ya biyo bayan H.264, ya fi rage nauyi, amma salular Inna ta ƙi buɗe shi.

Da rana kwamfutar kan yi zafi har ta mutu, dole na bari sai bayan isha'i. Fayil ya fito giga ɗaya da 'yan kai. Inna ta tsayar da shi daidai inda Baba ke gyara hula yana dariya, ta kira Yaya ta zo ta gani.