Santimita Biyu: Kwana Uku da Yara a Disneyland ta Paris

Tun ranar da yayana da ke zaune a wajen birnin Paris ya aiko mana da hoton 'ya'yansa a gaban fadar nan mai ruwan hoda ta Disneyland, ban sake samun sakat a gida ba. Yara uku gare mu: babbar tana da shekara bakwai, na tsakiya huɗu, auta kuwa bai cika uku ba. Babu lokacin da za mu iya tafiya sai dogon hutun makaranta, wato watan Agusta, wanda kuma shi ne watan da Faransawa da maƙwabtansu suke kwasar iyali su fita hutu. Da na faɗa wa Yaya a waya, sai ya yi dariya ya ce, "Ƙanwata, in dai Agusta ne, guzurin haƙuri ya fi na kuɗi." Na ɗauka zolaya ce irin tasa.

Biza muka fara nema, wata uku kafin tafiya, domin a wannan lokaci samun ranar ganawa ma aiki ne. Kuɗin bizar Schengen, wadda ake shiga Faransa da ita, Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara shida zuwa goma sha ɗaya, na ƙasa da shida kuwa ba a biya musu. Tikitin shiga wurin wasan mai ɗauke da kwanan wata muka saya ta intanet, kuma farashinsa yana hawa yana sauka gwargwadon ranar, saboda haka muka zaɓi Talata zuwa Alhamis, muka kauce wa 15 ga Agusta, wadda ranar hutu ce a Faransa baki ɗaya. Auta kyauta ya shiga, tun da ba a karɓar kuɗin yaron da bai kai shekara uku ba. Kilishi da dambun naman da na yi niyyar ƙullawa dole na bar su a Kano, domin dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama a jakarsa. Yaji da garin kunu kaɗai suka bi ni.

Wurin yana Marne-la-Vallée, kimanin kilomita 32 gabas da Paris, kuma tun 1992 yake karɓar baƙi. Jirgin ƙasa na RER A ne yake kai mutum har bakin ƙofa cikin minti arba'in daga tsakiyar birni, amma layin yana rabuwa biyu bayan Vincennes, kuma wasu jiragen a Torcy suke tsayawa ba sa ƙarasawa, don haka sai an karanta allo kafin a jefa ƙafa. Mun kama masauki mai ɗakin girki a Val d'Europe, tasha ɗaya kafin ta ƙarshe wadda ita ce ta Disneyland, inda akwai babban kanti. A lokacin arha da tunanin abincin halal ne suka sa na zaɓe shi, ban san cewa kusancinsa ne zai ceci tafiyar ba.

Ranar farko tawa ce, kuma ni na ɓata ta. Na zo da takarda mai ɗauke da wasanni goma sha huɗu, na jera su da sa'o'insu kamar jadawalin jarrabawa. Kafin a yi wa yara uku wanka, a sha kunu, a nemo takalmin auta, a wuce binciken jakunkuna, ƙarfe goma da rabi ta yi, dandalin ya riga ya cika maƙil. Muka tsaya a layin Peter Pan's Flight fiye da awa ɗaya domin wasan da bai wuce minti uku ba, kuma sai da muka kusa kai wa gaba sannan na tsakiya ya ja gefen mayafina ya ce fitsari yake ji. Duk uwar da ta taɓa zuwa asibiti da yara ta san wannan lokaci.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne da la'asar a Big Thunder Mountain, jirgin nan da ke gudu a cikin duwatsu, wanda na tsakiya ya yi wata biyu yana kallonsa a wayar babansa. Ƙa'idar hawa ita ce tsawon mita 1.02. Na auna shi a gida da tef ɗin ɗinki, yana ɗage dunduniya ban lura ba, na ce ya kai. A bakin layin ma'aikaciyar ta tsayar da shi a jikin ma'auni cikin fara'a, sai ga tazarar santimita biyu tsakanin kansa da alamar. Abban yara ya dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ƙa'idar kariya ce, babu wani roƙo da ya dace a wurin, kuma laifin ba na kowa ba ne sai na wadda ta yi wa yaro alkawari kafin ta tabbatar. Akwai tsarin da aka yi domin iyaye masu ƙananan yara: ɗaya ya hau yayin da ɗaya yake riƙe da yaro, sannan su yi musanya ba tare da na biyun ya sake bin layi ba. Abban ya hau da babbar, ni kuwa da lokacina ya zo na yafe, domin ba zan iya hawa ina jiyo kukan yaron ba.

Da dare na yaga takardar. Abban ya ce, "Maman yara, gobe wasa uku da safe, sai barci." Haka muka yi. Muka isa ƙofa kafin a buɗe, muka nufi Fantasyland, ɓangaren wasannin ƙananan yara, kai tsaye, muka hau Dumbo da dawakin lilo tun layi bai yi tsawo ba, sannan muka shiga kwalekwalen It's a Small World, wanda layinsa yake tafiya da sauri ko da jama'a sun yi yawa, ga kuma inuwa da sanyi. Manhajar wurin tana nuna tsawon jira a kowane wasa, kuma na daina kallon duk abin da ya haura minti talatin. Ƙarfe ɗaya muka koma masauki, aka ci shinkafa da miya, muka haɗa Azahar da La'asar ƙasaru, yaran suka yi barcin awa biyu. Da muka dawo da yamma, iyaye da yawa suna jan yara masu kuka zuwa tasha, namu kuwa kamar an sake su sababbi. A ganina wannan barcin ya fi duk wani tikitin tsallake layi da ake sayarwa, kuma bai ci mana ko Yuro ɗaya ba.

Wasannin da ban rubuta a takardata ba su ne suka fi burge su. Ƙaton dodon da ke kwance a kogo ƙarƙashin fadar, yana motsa kai yana fitar da hayaƙi, ya sa babbar ta ƙanƙame babanta, auta kuwa ya ɗaga masa hannu. Ƙaramin jirgin Casey Jr., wanda ba ya neman tsawo, shi ne ya share wa na tsakiya hawaye. Sau uku muka hau shi, yana zaune a taragon da aka yi kamar keji yana ihu.

Rana ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe tara a watan Agusta, saboda haka wasan wuta na rufe dandali yana kaiwa wajen goma sha ɗaya. A daren ƙarshe muka jira shi. Auta ya yi barci a kekensa tun kafin Magariba, na tsakiya ya bi shi a kafaɗar babansa minti goma kafin a fara, babbar ce kaɗai ta gani tare da mu.

Da muka dawo Kano, Abban ya ja layi da fensir a bangon falo, daidai mita 1.02 daga ƙasa. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tsakiya yakan cire takalmi ya jingina da bangon, ya kira ni in zo in duba, kuma yanzu ina danna dunduniyarsa ƙasa da hannuna kafin in ɗora littafi a kansa.