Sanwic ɗin kayan lambu, ba nama

Idan tumatirin rani ya yi araha, sanwic ba sai da nama ba. Ruwa ne ke ɓata shi. A yanka tumatir ɗaya da rabin kokwamba siri-siri, a barbaɗa gishiri, a bar su minti goma a kwando su tsane, in ba haka ba kafin a kai baki burodin ya jiƙe sharkaf. A gasa burodi yanka biyu a kasko ba mai. A kwaɓa garin ƙuli-ƙuli cokali biyu da man gyaɗa cokali ɗaya da ɗan lemon tsami, a shafa. Wallahi ya fi bama daɗi. Latas ne ke fara hawa, bayan an wanke shi ya tsane sarai, don shi ke tare danshin.