Kafin jirgi ya bar hannuna, sai ya je Tiga

Mutane kan yi mamaki in na ce sana'ata ƙera jirgin ruwa, kuma a cikin birnin Kano. Rumfarmu tana Sharada, ni da yara shida, da faiba muke aiki, wato zaren gilas da ake haɗawa da wani irin gam ya daskare ya yi ƙarfi. Amma duk kyan da jirgi ya yi a rumfa, ban yarda da shi ba sai ya taɓa ruwa, shi ya sa muke ɗora shi a tirela mu bi hanyar Zariya zuwa dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo.

Na baya-bayan nan na shaƙatawa ne, na wani Alhaji ɗan kasuwa, mai cin mutum 12, da injin Yamaha mai ƙarfin doki 40. Ya matsa a ba shi kafin Juma'a. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ƙara mini kwana uku." Ya ce, "Malam, ba an gama fenti ba?" Na ce an gama, saura ruwa ya duba aikinmu.

Da asuba muka tashi, don a hunturu iska kan tayar da igiya in rana ta ɗaga. Da an kunna inji, idona yana kan siririn ruwan da yake tsartowa ta bayansa. Shi ne shaidar cewa famfon sanyaya inji yana aiki, in babu shi kashewa ake yi nan take. Sabon inji kuma ba a take shi a awa goman farko, man injin da ake haɗawa da fetur ma ninka shi muke yi.

Sai lodi, kuma nan ne zuciyar aikin. Ba na gwaji da mutane. Buhun yashi muke jerawa a kujeru, mai kilo 50 guda 18, nauyin manya goma sha biyu ke nan. Mu duba inda ruwa ya tsaya a jikin jirgin, mu tara buhunan gefe guda mu ga yadda zai karkata, kamar yadda fasinja suke yi in wani ya ce ga abin kallo. Sannan kwana dama, kwana hagu, baya, tsayawar gaggawa. Wani dattijo masunci yake zama a gaba yana nuna mana inda kututture yake da inda aka shimfiɗa koma, kada farfela ta sarƙe.

Bayan kamar awa biyu na durƙusa na shafa katakon baya inda aka ɗaure inji. Tafin hannuna ya jiƙe. Ruwa ne yake tsattsafowa ta ramin noti guda, bai cika kofin shayi ba. Wani yaron ya ce a shafa gam a wuce. Na ƙi. Tun hatsarin Bagwai na ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, fiye da mutum ashirin suka rasu, ba na iya kawar da kai daga ɗigon ruwa ko wuce ƙa'idar lodi. Allah ya jiƙan su.

Muka fito da shi, muka sauke injin, muka busar da ramin, muka sake cikewa. Bayan kwana biyu muka koma Tiga da buhunanmu, katakon ya fito a bushe. Ran Litinin Alhaji ya karɓa, da rigunan ruwa goma sha biyu a ƙarƙashin kujeru, da lamba 12 da na rubuta da jan fenti kusa da sitiyari.